Na ce wa ɗana sitiyari ne ya buge ni

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Ni ban yi boko ba, murya na aika wa admin ya rubuta, ya kuma ɓoye sunana, Allah ya yi masa albarka. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni tsohuwa ce a Tungan Maje, na aurar, na ga jikoki. Maigidana ɓarin jikinsa ya shanye, motarsa na nan a ajiye, in ciwo ya tashi sai mun yi ta neman wanda zai kai mu asibiti a Gwagwalada. Shi ne na ce to, ƙafa ina da ita, ido ina da shi, zan koya. Babban ɗana bakanike ne a Apo, ya sa ni wata makarantar koyon mota, aka haɗa ni da mai koyarwa, kowa Oga yake ce masa. A haife na haife shi.

Tun farko hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In na saki kuloci da gaggawa mota ta mutu, sai ya buge mini gwiwa, ya ce "kai Mama, dutse ne a kanki?" Na haɗiye, koyo na zo. Ni kuma gajeruwa ce, sai an jawo kujera gaba sosai ƙafata ke kai birki. Ƙarfen da ke riƙe kujerar ya lalace, wani guntun katako yake cusawa ta baya ya tokare ta. Na ce masa kujerar nan tana motsi, ya ce ni ce ke motsi.

Da gwajin lasisi ya matso, ranar Talata ya ce mu hau babban titi wajen Zuba. Ina tafe, ina tafe, sai ga mai baro ya ratso da doya. Na taka birki da duk ƙarfina, katakon ya fice, kujera ta tafi da ni baya, ƙafata tana lilo ba ta taɓa komai. Shi ya ja birkin hannu, amma mun riga mun kwashe baron, doya ta watse a titi, mai baron ya tsira da ƙujewa. Ban gama salati ba na ji Oga ya sharara mini mari. Ya ƙara mini wani, ɗankwalina ya faɗi, bakina ya fashe.

Mutanen wurin ba doyar ce ta dame su ba, marin suka gani. Suka fizgo shi daga mota, wannan da dutse, wancan da ƙafar benci. Na ga haƙorinsa a kan kwalta, na ga wani ya gangaro da taya. Na fito na kwanta a kansa, ina cewa ɗana ne, ku bar mini shi, ɗana ne. Sai da sanda ta sauka a bayana kafin suka ja da baya.

A gida na ce wa ɗana sitiyari ne ya buge ni. Ya daɗe yana kallon kumatuna, ya ce "Inna, sitiyari ba shi da yatsu." Na san zuciyar abin da na haifa, ya taɓa karya wa mutum hannu da sifana saboda ya zagi ƙanwarsa. Ya ce ranar Juma'a zai dawo da Alƙur'ani in dafa, in kuwa na ƙi dafawa, to ya ji amsa. Oga yana asibiti kai a naɗe, jiya matarsa ta zo da goyo ta durƙusa mini tana kuka.

In na dafa, na yi rantsuwar ƙarya da furfurata. In na faɗi gaskiya, ko na yi shiru, ɗana zai je har gadon asibiti ya ƙarasa abin da mutanen Zuba suka fara, shi kuma ya ƙare a kurkuku. Ku da kuka yi karatu, ku gaya mini, idan ya ajiye Littafin a gabana, me zan yi da hannuna?