Rasuwar Delmar Pruitt, Tsohon Kyaftin ɗin Port Calder

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Kulob ɗin Ƙwallon Amurka na Port Calder ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu, tsohon kyaftin ɗinmu, kuma ɗaya daga cikin iyayen wannan ƙungiya, Dattijo Delmar Pruitt, wanda Allah ya karɓi ransa da safiyar Talata a gidansa da ke unguwar Kilbourne, yana da shekara sittin da ɗaya, bayan doguwar jinya ta ciwon mantuwa, mai ɗakinsa da 'ya'yansa suna tare da shi.

A madadin Mai Girma Shugaban Ƙungiya, Mista Harlan Voss, da 'yan majalisar amintattu, da duk wanda ya taɓa sanya rigar nan mai ruwan toka ya shiga fili da sunan wannan gari, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida Odessa Pruitt, da 'ya'yansu Renita da Calvin, da jikoki, da Rabaran Ellis Whitfield tare da jama'ar Majami'ar Baptist ta Dutsen Zaitun, inda marigayin ya daɗe yana dattijon ikkilisiya.

An haifi Delmar a ƙasar auduga ta Mississippi, mahaifinsa direban babbar mota, mahaifiyarsa kuma mai dafa wa 'yan firamare abinci. Ƙwallo ce ta kai shi jami'a, ita ce kuma ta kawo shi Port Calder, inda ya yi kakar wasa goma sha biyu a ƙarshen hagu na sahun gaba, cikin ƙartin nan biyar da ke durƙusawa kafaɗa da kafaɗa su tare abokan hamayya da ƙirji, domin mai jefa ƙwallo ya samu sararin ɗaga hannu. Mai jefawa da hannun dama ba ya ganin abin da ke zuwa masa ta hagu, sai dai ya amince da mutumin da aka tsayar a wurin, kuma masu jefawa da yawa sun amince da Delmar, sun koma gida da ƙafafunsu. Bai taɓa cin maki ko ɗaya ba, domin ba aikinsa ba ne, lasifikar fili ma ba ta ambaton ɗan sahun gaba sai ya yi laifi. Shi da kansa yakan ce, "In kun ji shiru a kaina, to na yi aiki. Ran da kuka ji sunana, ku ce wa Odessa kada ta ajiye min abinci."

Waɗanda suka yi zamani da shi ba za su manta daren Alhamis a gidansa ba, inda 'yan sahun gaba ke cika tebur a kan gasasshen haƙarƙari da jan wake da burodin masara. Sabon shiga ne ake fara zuba wa, Delmar yana tsaye a kansa yana cewa, "Kai, ɗan tsako, da wannan ƙugun za ka tare mutum? Ƙara."

Amma abin da wannan ƙungiya take ganin ya wajaba ta tuna a yau shi ne wasansa na ƙarshe, wanda aka yi cikin dusar ƙanƙara a watan Disamba, wasan da nasara a cikinsa za ta kai kulob ɗin zagayen neman kofi. Matashin mai jefa ƙwallonmu na lokacin, Wade Sorenson, ya sha mummunan karo a kai, ya tashi ya kaɗe rigarsa kamar ba komai, amma da 'yan wasa suka haɗa kai don jin umarni, sai ya tambaye su wane ɓangare ake kai hari. A wancan zamani, irin wannan sai a shaƙa wa mutum magani a mayar da shi fili. Delmar ya cire hular kwanonsa, ya kama yaron a wuyan riga, ya taka da shi har gaban mai horarwa, ya ce, "Koci, yaron nan bai san inda yake ba. In ya koma, ni ba zan koma ba. Nemo wani ya tsare masa baya." An fitar da Wade, an cinye mu a wasan, 'yan kallo sun yi wa Delmar ihu har ya shige ɗakin sauya kaya, kuma da kaka ta ƙare ba a sabunta masa kwantiragi ba. Likitoci sun samu jini ya taru a cikin kan Wade, bai kuma sake buga wasa ba.

Malam Wade Sorenson, wanda a yau yake koyar da tarihi a wata sakandare a Minnesota, ya kira ofishinmu da jin wannan labari, ya kuma ba mu izinin faɗin abin da ya ce: "Na daɗe ina gaba da shi, ina ganin shi ya kashe min wasa. Sai ranar da aka miƙo min 'yata ta fari na kira shi. Ban ma gama sallama ba ya ce, 'To, yanzu kan ya dawo daidai?'"

Bayan ya bar fili, marigayin ya horar da 'yan sakandare shekaru masu yawa, da gwiwoyin ƙarfe da yatsun da ba sa miƙewa, yana koya musu tare mutum da kafaɗa, kai a sama. Sa'ad da ciwon ya fara taɓa shi, bai ɓoye ba. A taronmu na shekara ya miƙe ya ce, "Jiya na fita sayen madara, na kasa gane titinmu. Na san ba ni kaɗai ba ne a ɗakin nan." Sai hannaye suka fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan rana shirinmu na duba lafiyar tsofaffin 'yan wasa ya samo asali. Ya kuma bar wasiyya cewa a ba masu bincike ƙwaƙwalwarsa don a gano ko karon kai na wasa ne ya jawo ciwon, iyalinsa sun cika masa. Muna ƙaunar wannan wasa kamar yadda ya ƙaunace shi, kuma duk abin da binciken ya nuna za mu faɗa wa jama'a shi yadda yake.

Uwargida Odessa ta shaida mana cewa a ƙarshe ya manta sunayen filaye da na abokan wasa, ya manta ma ya taɓa sanya rigar wasa, amma duk sanda suka fita taka ƙafa da yamma, sai ya matsar da ita ciki, ya tsaya ta gefen motoci.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a Majami'ar Dutsen Zaitun. Uwargidan ta roƙe mu mu isar da saƙonta ga 'yan ƙungiya ba tare da gyara ba: "Ku gaya wa ƙartin nan kada wanda ya kawo min fure. Duk mai son Delmar ya je ya ga likita, kuma ya tafi da matarsa, don ita ce za ta faɗi gaskiya."

Muna roƙon Ubangiji Mai Jinƙai ya ba bawansa Delmar hutu, ya sanyaya zuciyar Uwargida Odessa wadda ta ɗauki nauyin wannan jinya ba ta gaji ba, ya ƙarfafa Renita da Calvin da jikoki, ya ba mu duka juriyar wannan rashi.

Clifton Abernathy
Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Port Calder