Farfelar Motar Baba Ta Ƙi Zama

Zuwa ga Yayana, inuwar da muke fakewa,

Sallama irin ta masu kewa, da gaisuwa mai yawan ganyen itace. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya, ya sauƙaƙa maka zaman baƙunta. Ina kuma neman afuwa da na kutso cikin hidimominka ba tare da ka kira ni ba, amma wanda ƙaya ta soka ba ya zaɓen lokacin ɗingishi. Mu nan lafiya muke, yara suna karatu, Inna ma da sauƙi, in ban da gwiwoyin nan nata da suka sake kumbura.

Bayan haka, maganar motar marigayi Baba ce. Giyar hannun da ka aiko domin maye gurbin mai canza kanta da ta mutu ta iso, an ɗaura, kuloci ya kama, inji yana kiɗa kamar ba a taɓa ɓata masa rai ba. Ka ce mini a waya komai zai zauna kamar hula da kai. To, Yaya, hular ta zauna, wuya ne ya ƙi. Wutsiyar sabuwar giyar ta fi ta tsohuwar tsawo, don haka farfela, wato sandar ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya, ta yi wa gurbinta yawa. Da yake ka yi mini kashedi kada a yanke ko ƙusa ɗaya daga asalin kayan motar, sai na jingine farfelar Baba a bayan ƙofar ɗakina, na nemo wata ta hannu domin a yanke ta.

Ga inda takaicin yake. Makaniken, wanda 'yan gareji ke kira Sai-Gobe, kuma na shaida ba a zalunce shi ba, ya auna tsawon ne motar tana ɗage a kan jak, ƙafafun baya suna lilo a sama, mai walda ya yanke farfelar a kan wannan awo, aka ɗaura. Da aka sauke ta, nauyinta ya zauna, tazarar ta ragu, farfelar ta dunguri cikin giya har man ya fara ɗiga. Na tambaye shi dalili, ya ce ai ƙarfe ma yana da ranar da yake tashi da fushi. Aka mayar wa mai walda, ya ƙara ragewa da ido, ya haɗa ta a karkace. Na hau titi gwaji, motar ta kama makyarkyata kamar mai zazzaɓi, madubi ya faɗo mini a cinya. A bakin ramin garejin na tsaya, rigata duk baƙin mai, na yi waɗannan baitoci:

Na sa wa mota sabuwar zuciya,
Ƙashin bayanta ya ƙi biyayya,
Ƙarfe da ƙarfe suna jayayya,
Ni ne a tsakiya nake shan wuya.

Na karanta wa Inna su, ta ce in baiti yana tura mota, da tuni ta isa asibiti. Kuma gaskiyarta. Likitan ƙashi ya sa mata rana a makon gobe, ita kuwa ƙafarta ba ta iya taka matakalar bas. Wancan zuwan a tasi muka yi, direban ya faɗa rami da ita, ta kwana biyu ba ta miƙe ba, ta rantse ba za ta ƙara ba. Kujerar motar Baba kaɗai ke kwanciya yadda take miƙe ƙafa.

Farfelar da na nemo ta riga ta lalace, na kuma zaga kasuwar kayan mota har takalmina ya san kowace rumfa, babu wata. Akwai mai injin juya ƙarfe da ya ce zai yanke farfelar Baba, a auna ƙafafu suna ƙasa, ya daidaita ta yadda ba za ta girgiza ba. Amma in an yanke, motar ba za ta ƙara komawa yadda Baba ya bar ta ba. Na san abin da kake ji game da ita, ni ma ina ji. Sai dai kada garin adana abin da ya bari mu wahalar da wadda ya bari.

Ka gaishe mini da Anti uwargidanka, da babbar 'yarka likitar gobe, da autanku sarkin ƙiriniya. Matata da ƙanwarmu suna miƙo gaisuwa, Inna tana sa maka albarka.

Ina roƙonka kada ka amsa mini a waya, domin na san “duk yadda ka gani” ɗinka, ba ya hana ka ɗaure fuska daga baya. Ka ɗauki alƙalami yau, ka rubuto mini da hannunka: a yanke, ko kada a yanke. In “kada” ce, to ka haɗo da takarda ta biyu zuwa ga Inna, ka yi mata bayani da kanka, don ni bakina ba zai iya ba.

Ƙaninka mai biyayya,
wanda ke jiran amsarka.