Injin Kafe da Butar Gajere

Baba Sallau, ka taimake ni don Allah, kuma ka taimake ni da wuri. Kwana ashirin suka rage ƙanena Abbakar ya tashi zuwa Dubai sarin kaya, ya kuma rantse in ban faɗa masa wanda nake so ba kafin ya hau jirgi, to in haƙura har baɗi. Daga Diffa nake rubuto maka. Ni manomin tattasai ne, gonata tana bakin kogin Komadugu ta wajen Gagamari. Shekaruna hamsin da huɗu, ina da jikoki biyu, amma wata biyu ke nan ina ji kamar saurayin da aka sa wa rana. Kuma ba mace ba ce, Baba. Inji ne.

Ga yadda abin ya faro. Bayan babbar salla ƙungiyarmu ta manoma ta tura ni Yamai wani taron bita na kwana uku kan shanyar tattasai. In ka tambaye ni me aka faɗa, sai dai in ce an yi magana, an kuma tafa. Abin da na dawo da shi ya same ni ne da ƙarfe goma na safiyar farko, lokacin hutun da suke kira poz-kafe. A kan tebur na ga wani inji, ruwan zafi na sauka a hankali ta cikin garin kafe, ɗis, ɗis, ɗis, yana wani gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi. Ƙamshin kuwa tun daga bakin ƙofa ya kama ni da hannu ya kai ni. Ni da na ɗauka na san kafe, wannan na gwangwani da mai shayi ke kaɗawa da madara a tasha! Ashe ban taɓa sha ba. Kofi huɗu na sha. Da aka koma zama na yi tambaya bakwai kan jawabin da ban saurara ba, har shugaban taro ya ce a tafa wa wakilin Diffa.

Kafin in baro Yamai na sayi kilo guda na soyayyun ƴaƴan kafe. A cinyata na riƙe shi har gida, mota na jijjiga, ni ina sunsunawa.

Tattasai ya yi albarka bana, alhamdulillahi, don haka na ƙudura ba ƙaramin inji zan saya ba, na manya nake so, wanda za a gada. Abbakar ya kawo mini wani littafin hotunan kaya, na zagaye uku da jan biro. Na farko ƙato ne, baƙi, da agogo a goshinsa. Kai za ka sa masa lokaci, shi zai tashi da kansa ya niƙa, ya tace, ya yi ƙara ya kira ka. Maɓallansa goma sha ɗaya, na ƙirga. Na biyu ba shi da kwalliya ko kaɗan, maɓalli ɗaya tak, tulunsa na ƙarfe irin na tarmos, amma ya fi na farkon tsada, wai da hannu ake haɗa shi. Wannan ya ɗaure mini kai: yaya za a yi maɓalli ɗaya ya fi goma sha ɗaya? Na uku ja ne wur, jan tattasan da ya kwana bakwai a shanya, da tulun gilashi a kan farantin da ke riƙe zafi. An rubuta Amirka a ƙarƙashinsa, da lamba ɗari da goma. Duk lokacin da na buɗe shafinsa sai in ƙura masa ido in manta da kaina. Matata Fati ta ce tun da muka yi aure ban taɓa kallon ta haka ba. Na ce ai ita ba a zana ta a littafi ba. Ba ta yi dariya ba.

Sai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ya faru, wanda ba shi ne damuwata ba, ina dai faɗa ne don labarin ya cika.

Muna da fada a ƙofar gidana, a inuwar itacen bedi, bayan la'asar. Mu shida ne, shekara ashirin da biyu muna zama. Mai dafa mana shayi abokina ne Gajere, tun muna yara muke kamun kifi tare. Ba aikinsa ba ne, tela ne, amma ba wanda ya isa ya taɓa butarsa. Shi zai hura gawayi a furno, ya auna ganye da tafin hannu, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya mayar, ya sake tsiyayawa har kumfa ta tsaya. Zagaye uku, awa biyu, ko gobara ake ba ya gaggawa.

To, na kasa jiran inji. Na ce bari in ɗanɗana wa fada abin da ke tafe. Na ɗauki kilon nan nawa na kai injin niƙa na unguwarmu. Baba, a watan tattasai. Injin da ya wuni yana niƙa tattasai tun hantsi. Wallahi ko kaɗan ban yi tunani ba, mu nan hancinmu ya daina jin warinsa. Na dawo na ɗaure sabon kallabin Fati a bakin jug, na zuba gari, na tsiyaya ruwan zafi a hankali yadda na ga inji na yi. Na sa babbar riga. Na yi jawabi. Na ce yau za su sha abin da ministoci ke sha.

Malam Kolo ne ya fara kurɓa, a matsayinsa na babbanmu. Hawaye suka zubo masa har gemu. Ilu, ɗaya daga cikinmu, ya yi atishawa tara a jere, hularsa ta faɗa cikin tire. Gajere kuwa ya kurɓa, ya lumshe ido, ya jinjina kai, sannan ya ce miyar ta yi kyau, saura gishiri da ɗan busasshen kifin Bosso, ya kuma tambaya ko tuwon yana tafe ne ko a wajen ministoci haka ake shan ta gaya. Fada ta kife da dariya. Har masu wucewa suka tsaya. Tun daga ranar yaran unguwa ke kirana Minista.

Ni kuwa kunya ta hau mini kai, sai na ce su yi dariyarsu, in inji ya zo minti shida zai gama komai, mu huta da zaman awa biyu muna kallon tsoho yana juya ruwa daga finjali zuwa finjali. Gajere ya gama zagaye na uku, ya wanke finjalansa. Washegari ya zo ya kwashi furno da buta da tire, waɗanda shekara ashirin da biyu a zaurena suke kwana, ya ce zai kai su gyara. Yau kwana goma sha ɗaya. Jiya na wuce ta ƙofar shagonsa na hangi Ilu zaune a benci da finjali a hannu, ya yi kamar yana duba takalminsa. Malam Kolo ke dafa mana yanzu, mu huɗu da muka rage. Shayinsa duk sukari ne, rabi nake sha in ajiye. Gajere dai yakan zuba nawa gefe kafin ya ƙara sukari, tun shekara shida da likita ya yi mini magana kan sukari, ban ma san wa ya gaya masa ba.

Amma kamar yadda na ce, wannan zai wuce. In ya ga injin da idonsa zai gane. Abin da nake so ka faɗa mini shi ne, wanne zan saya? Zuciyata na kan jan.

Naka,
Mai Tattasai, Diffa

*

Ƙanena Mai Tattasai, ko in ce ranka ya daɗe Minista,

Sau biyu na karanta takardarka. Karon farko na yi dariya har maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya tambayi lafiya. Karo na biyu na ɗaga ta a hasken taga, sai na ga a daidai wurin da ka rubuta cewa maganar Gajere ba ita ce damuwarka ba, biro ya kusa huda takardar. Za mu zo nan. Bari mu fara da injin, tunda shi ka tambaya, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi noma da gumi ya sayi abin da ransa ke so.

Jan nan ka bar shi a littafi, can ya fi kyau. Lamba ɗari da goma da ka gani ƙarfin wutar ƙasarsu ce, kuran ɗinmu kuwa, wato tamu wutar, ɗari biyu da ashirin ne. Ranar da wani ya jona shi kai tsaye a bango za ka ji ƙamshi, amma ba na kafe ba. Kuma tulun gilashi a gidan da jikoki ke gudu kwanakinsa ƙididdigaggu ne, in ya fashe ba ka da inda za ka samo irinsa. Farantin zafin ma dafa kafen yake ta yi har ya yi ɗaci.

Mai agogo kuwa, ka san wutarku fiye da ni. Duk ɗaukewa sai agogon ya manta lokaci, wata rana ya tashi da azahar yana yi maka kafen asuba. Maɓalli goma sha ɗaya ƙofa goma sha ɗaya ce ta lalacewa, kuma in maniƙar da ke cikinsa ta tsaya, mai gyaran injin ban ruwa za ka kai wa, shi kuma da guduma yake gaisawa da inji.

Ka sayi na biyun. Tsadarsa tana ciki ne, wajen abin da ke dafa ruwa daidai ya kuma watsa shi a hankali kan garin, wannan ɗis ɗis da ya sace maka hankali. Tulun ƙarfensa zai riƙe zafi ko an ɗauke wuta, har gona kana iya tafiya da shi. Ka ce wa Abbakar ya duba lambar wuta da idonsa, ya haɗo maka matacin ƙarfe da ake wankewa ban da na takarda, da ƴar maniƙar hannu, da na'urar daidaita wuta. Ka niƙa na rana ɗaya kawai, kamar tsaki mai laushi, kada ya zama garin tuwo. Ka rufe ƴaƴan a gwangwani nesa da ɗakin tattasai. In ruwanku na barin farin ɓawo a gindin buta, to duk wata ka zagaya masa ruwa da binegar, ruwan tsamin nan na kwalba, ka ɗauraye sau biyu. Kuma a saya wa Fati kallabi biyu, ɗaya na wanda ka ɓata, ɗaya na maganar littafi.

Yanzu Gajere. Ba zan wanke shi tas ba. Mutum ya sa babbar riga ya yi jawabi, Gajere ya mai da shi abin dariyar masu wucewa, akwai ciwo. Amma shi kafenka ya taɓa, kafen da kai ma ka san miya ce. Kai kuwa shekara ashirin da biyu na hannunsa ka taɓa, a gaban mutanen da yake yi dominsu. Kuma ka yi kuskuren lissafi: awa biyun nan da kake son ragewa su ne fadar. Ka ba mutum shida abin sha cikin minti shida, kafin rabin awa kowa ya tuna yana da wurin zuwa. Ilu bai bi shayi ba, zaman ya bi.

Kada ka jira inji ya zo ya yi maka biko, ganinsa zai ƙara masa ciwo ne. Kada kuma ka aiki Malam Kolo. Gobe bayan la'asar ka ɗauki buhun gawayi mai kyau da ganyen shayi irin wanda yake so, ka je shagonsa da ƙafarka, ka zauna a benci kusa da Ilu. Ka ce bakinka ya yi kuskure, a gaban duk wanda ke wurin, tunda a gaban mutane ka yi. In ya kira ka Minista ka amsa. Ka sha zagaye ukun cif, ko sau ɗaya kada ka dubi agogo. Maganar mayar da buta zaurenka kada ta fito daga bakinka, shi ya san lokacin da gyaran zai ƙare.

In inji ya iso, wurinsa cikin gida ne, lokacinsa safiya, kai da Fati. La'asar ta Gajere ce. Wata safiya ka kira shi shi kaɗai, ka miƙa masa cokalin awo ka ce kai ba ka iya ba, domin gaskiya ce. Harshen da ya gano saura gishiri a kurɓi ɗaya shi zai daidaita maka gari da ruwa.

Na duba injinan nan uku da ka kwatanta, har mai maɓalli goma sha ɗaya, ban ga wanda zai ji abin da likita ya faɗa maka ya zuba naka gefe shekara shida bai ce uffan ba. Abbakar yana da kwana ashirin. Kai gobe kawai gare ka.

Allah ya kai Abbakar lafiya ya dawo lafiya, ya ƙara wa tattasai albarka, ya cika inuwar bedin nan da ku shida. In an sha na farko, a aiko mini da labari, amma ban da ɗanɗano.

Baba Sallau