Na Hana Su Dafa Ƙasa a Kalgo

Zuwa ga Yayana Umaru, a Kumasi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan cin raninka. Gara ka ji labarin kokawarmu da Kalgo daga bakina kafin fatake su kai maka.

Mutum bakwai na zaɓa daga ƙasar Gwandu, yadda ka saba yi kafin ka bar mini ragama. Na garin Masama biyu sun fidda mu kunya, sun kayar da nasu tun makaɗa ba su yi gumi ba. Na Kambaza ƙarfi kamar bijimin sa, dabara babu, aka kayar da shi. Na Maruda kuwa hankalinsa na wurin 'yan mata aka kwashe masa ƙafa.

Mutanen Kalgo ba su fi mu ƙarfi ba. Ƙugu gare su na masu tuƙa kwalekwale, filinsu kuma busasshiyar lakar fadama ce, ba rairayi irin namu ba. Ban je na duba filin ba, Yaya.

Cikin biyun da suka biyo baya, ɗaya ya ci, aka ci ɗaya. Aka yi uku da uku, saura ɗanka Dikko.

Ka tuna abin da kake gaya wa 'yan kokawarka: "In an ɗaga ka, dafa ƙasa a ci ka, ka koma gida da ƙafafunka." Ni kuwa da safiyar ranar, don zafin kai, na tara su na ce duk wanda ya dafa ƙasa a Kalgo kada ya biyo ni Gwandu.

Dikko ya ji maganata. Da aka ɗaga shi, ina kallo ya miƙa hannu, sai ya janye. A kan wuya ya sauka.

Yau kwanansa tara a kwance. Yana magana, yana shan kunu. Jiya mai ɗori ya soka masa ƙaya a tafin ƙafa, ko motsi bai yi ba. Wallahi tsoro nake ji. Ina tsoron ƙafafun nan ba za su tashi ba, ina tsoron ranar da za ka shigo zaure ka dube ni. Uwarsa har yau tana durƙusawa ta gaishe ni, na kasa haɗa ido da ita.

Allah Ya tashi kafaɗarsa, Ya kawo ka gida lafiya, Ya sanyaya zuciyarka a kaina. Don Allah kada ka jira damina.

Na tambayi Dikko saƙon da zan rubuta maka. Ya ce in gaya wa Baba bai dafa ba.

Ƙaninka,
Garba, Gwandu