Wa Ke Sosa Bayan Auta?

Uwargida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan ƙalau, sai kewarki da kircin Auta.

Duk abin da likita ya ce na yi. Na yanke mata farce, ina shafa mata mai bayan wanka, na raba ta da bargo mai gashi, na sa mata safar hannu. Da ta koyi cire safar hannu da haƙori, sai na nuna mata ubanta tela ne: na ɗinka mata rigar barci ta auduga, na toshe bakin hannuwan ruf. Wuya da gwiwar hannu sun fara warkewa.

Amma bayanta fa? Kullum da safe sai in ga sabon karce tsakanin kafaɗunta, inda hannunta ba ya kaiwa. Na shafa bango, na birkice katifa, na mayar da ɗinkin rigar waje. Har kyanwar maƙwabta na zarga. Likita ya ce in wurin ya yi ruwa sai an kwantar da ita, ke kuma na san ki, kina ji za ki watsar da jarrabawa ki taho. Ki ba ni mako ɗaya.

Naki,
Baban Auta

Uwargida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na kama mai laifi, kuma da kunya nake rubuto miki.

Shekaranjiya a shago ina zura zare a allura, sai na ga busasshen jini a ƙarƙashin farcena. Da dare na yi likimo. Can sai Auta ta mirgino, ta juya mini baya, ta yi ta tura hannuna da kai har ya faɗa cikin wuyan rigarta. Kafin in ankara, yatsuna sun kama aiki da kansu. Ashe da ɗan gari akan ci gari. Tun tafiyarki ni nake sosa mata cikin barci.

Jiya na yanke nawa farcen, na ɗinka wa kaina irin rigarta, kada ki yi dariya. Da ta mirgino, sai na dafa mata tsumma mai sanyi kamar yadda likita ya ce. Ta yi kuka tana roƙona in sosa ko sau ɗaya. Ban taɓa jin na zama mugu kamar daren nan ba, ni ma sai da na yi hawaye.

Yau ta ƙi kula ni, ko kallona ba ta yi. Amma babu ɗigon jini ko ɗaya a zanen gado. Ki zauna ki rubuta jarrabawarki.

Naki har kullum,
Baban Auta