Inna Ta Raba Maganin Hure Kamar Tsaraba

Malam Abdulsalam, don Allah ka agaje ni, kaina ya kulle.

Ni mutumin Toranke ne, shekarata shida ina haƙar kuza a Bukuru. Matata Hure tana gida wurin mahaifiyata. Bara wani ciwo ya kama ta: da safe garau, kafin la'asar fatar ido ta rufto, hannu ya kasa ɗaga taɓarya, koko ma ya sarƙe ta. Likita a Kano ya ce jikinta ne ke yaƙar jijiyoyinta, ya ɗora ta kan ƙwayar kotizon don kwantar da yaƙin. Ya ce sha za ta yi ta yi, wataƙila shekaru, ban da fashi. Ta kuwa miƙe, har da kumatu.

Ni ke aika kwalbar. Shekaranjiya ƙanena Tukur ya iso, yana dariya, wai maganina ya yi suna har Gafasa. Ashe Inna da ta ga kumatun sai ta ce an warke, abin da ɗa ya aiko daga bariki kuwa tsaraba ne, ba a cinye shi gida ɗaya. Ta ƙulla uku-uku a ƙyalle ta raba wa ramammu da masu jego! Kwana tara Hure ba ta sha ba. Ta koma kwance, ruwa ma sai da cokali.

Innalillahi. Ni ina nan ƙafa cikin laka tun asuba, ashe unguwa nake yi wa kiwo. Ban ce mugunta ce ba, Inna ce ta yi ta jinyarta, har ɗura mata kunu. Amma ji nake in rubuta wa Inna a kawo mini matata, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Baƙon Bukuru

Baƙon Bukuru, ajiye alƙalami ka nemi mota yau. Yanke wannan magani farat ɗaya haɗari ne, ciwon kuma yakan taɓa numfashi. Kai Hure wurin likitanta, kada ka mayar da ita kan ƙwaya da kanka. Ka faɗa masa har waɗanda aka rabawa.

Kada ka rubuta wa Inna. Wani ne zai karanta mata a gaban jama'a, faɗanka ya fito ta bakin bare. Kai ma da naka laifin: ka yi ta aika kwalba, ba ka taɓa aika bayani ba. Je ka durƙusa, ka nuna mata kumatun nan aikin ƙwaya ne, ba warkewa ba. Daga yau kwalba ta zauna hannun Hure. Inna kuwa ka riƙa haɗo mata goro da sabulu, ta sami na rabo.

Allah ya ba Hure lafiya, ya sa ka iske ta da sauƙi.