Ɗana na Fari Yana So In Sayar da Shanuna In Sayi Hannun Jari

Zuwa ga Hajiya Balki, mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, wani abu ne ya dame ni. Ni 'yar kasuwa ce a nan Tawa. Albasa nake saye lokacin da ake cire ta tana araha, in zuba a rudu, wato rumbun ajiyarta, in ta yi daraja in haɗa da ta abokan sana'a mu loda kamyo, wato babbar motar kaya, zuwa Abijan. Da wannan na riƙe gida tun rasuwar maigidana. Ban da albasa ina da 'yan shanu a wajen Tebaram, gadon mahaifina, suna hannun makiyayinmu Alƙasum. Shekarar da kaya suka ruɓe, ko aka rufe iyaka mota ta yi ta kwana a hanya, bijimi ɗaya nake kai wa kasuwa in miƙe. Ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma ba na so in fara da furfura a kaina.

Matsalar ɗana na fari ce. Ki yi mini uzuri, ba zan rubuta sunansa ba, ko a gida ban taɓa kama shi ba. A ɗakin kakarsa ya tashi kamar yadda ake yi, kuma har yau da yake da iyali yana aiki a Yamai, in ya durƙusa gaishe ni sai in kau da kai in amsa a taƙaice. Ƙannensa nakan wanke su tas in sun yi ba daidai ba. Shi kuwa ko tambayar ya ci abinci sai ta bakin wani.

Da Sallar layya ya zo da wani abokinsa Muktari, mai shadda da ƙamshin turare, bakin nan kamar an shafa zuma. Muktarin ne ya yi ta zuba, ɗan nawa yana gefe yana wasa da waya. Wai akwai wani ƙaramin kamfanin asuransi, wato inshora, wanda ba ruwansa da babur ko gobarar gida, aikinsa kayan gona da ke kan hanya, musamman albasa. Wai har wasu ƙananan kamfanonin inshora ma wurinsa suke zuwa ya ɗauke musu wani ɓangare na nauyinsu. Yanzu hannun jarinsa yana ƙasa, amma baɗi zai ninka. In sayar da shanun in saya, tunda takarda ba ta cin ciyawa, fari ba ya kashe ta, ɓarawo ba ya kora ta. Ya ƙara da cewa in na zama mai kamfani, ko kamyona ya kife ba ni da asara, tunda gidanmu ne zai biya. Ba zan ɓoye miki ba, wannan ta shige ni, don na san ɗacin ganin dukiyarka ta zama wari a bakin titi.

Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Me ya sa ya ce sai in biya kafin ƙarshen wata? Me ya sa aka ce kuɗin za su bi ta wayar Muktari? Takardar da ya bar mini da Faransanci take, babu abin da na gane sai hoton dogon bene. Kuma in abin yana ninkawa haka, me ya hana manyan Yamai cinye shi har ya biyo tsohuwa mai albasa nan ƙasarmu ta Adar? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, matar ɗan nawa Samira ta yi suɓutar baki cewa ya sayar da filinsa bara ya zuba a wannan harka, kuma tun lokacin ba ya da walwala. Shin ya ga alheri ne yake so in samu, ko ya faɗa rami ne yake neman shanuna su cike shi? Na san zato zunubi ne, kuma ina jin kunyar zargin abin da na haifa. In na ƙi, zai ce ban yarda da shi ba, ga shi da ma tsakaninmu ba hira. In na yarda abin ya nutse, na rasa madogarata. Bakina kuma ba zai iya tambayarsa ba. Yaya zan yi?

Uwar da kunya ta ɗaure wa baki, Tawa

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki sayar da ko ɗan maraƙi a wannan watan. Cinikin da ba ya jure jira, da ma ba na alheri ba ne.

Bari in fara da inda Muktari ya zame. Mallakar hannun jari daban, yi wa kaya inshora daban. Ko rabin kamfanin naki ne, in ba ki biya wa lodin nan kuɗin inshorarsa ba, ya kife babu mai ba ki ko dala. Wanda ya gaya miki akasin haka, ko bai san abin da yake tallatawa ba, ko ya sani yana rufe ki.

Sana'ar kanta ba ƙarya ba ce. Ana yin irin waɗannan kamfanoni, kuma ƙarami mai kula yana iya cin riba mai kyau a shekarun lafiya, har ya raba wa masu jari. Don haka ɗanki bai zama mahaukaci ba don ya yi sha'awa. Sai dai ki duba daga ina asararsa take zuwa. Kamfanin da ya tattara ƙarfinsa a kan albasa, ya kuma ɗauki nauyin wasu masu irin aikinsa, shekarar da hanya ta ɓaci kowa a kansa zai faɗo a lokaci ɗaya. Wato ranar da kayanki suka ruɓe, ranar ce takardarki ma za ta faɗi. Shanunki suna ceto ki ne don ba mota ɗaya suka hau da albasarki ba. Kuma saniya ko yaushe kika kai ta kasuwa akwai mai taya ta, hannun jarin ƙaramin kamfani kuwa kina iya neman mai saye ki rasa.

Abin da za a bincika kaɗan ne. Sunan kamfanin yana kasuwar hannun jari ta Abijan, ko a aljihun Muktari kawai ake cinikinsa? Hukuma ta ba shi izini? Nawa ya raba wa masu jari a shekarun baya, har da munanan, kuma nawa ne la'adar Muktari? In za a saya, ta hannun dillali mai lasisi ake saye, da sunanki, da rasit. Tura kuɗi ta wayar wani kuwa cinikin biri a sama ne. Ki kuma tambayi malamin da kika yarda da shi kan halaccin ribar.

Kunyar ɗan fari kuma, waɗanda suka ɗora mana ita ba su bar mu babu ƙofa ba. Ai don haka aka yi taubashi. Ki kira ɗan wanki ko ɗan ƙanenki wanda suke wasa da shi, ki aike shi Yamai. Shi yana iya tsokanarsa ya tambaye shi ina fili ya tafi, a yi dariya, gaskiya ta fito ba wanda ya muzanta. Ina kyautata zaton ɗanki ba cutarki yake nufi ba. Mai yiwuwa shi ma zumar bakin abokin ce ta kwashe shi, kuma yadda kike jin nauyin tambayarsa, haka yake jin nauyin ce miki ya yi asara.

In bincike ya yi kyau, ki gwada da ɗan abin da kika ci a albasar bana, wanda in ya tafi ba zai hana ki barci ba. In kuma ta tabbata yana cikin rami, ki taimake shi a matsayin uwa, da idonki a buɗe, kyauta ba jari ba. Uwar da ke tsaye da ƙafarta ce take iya ɗaga ɗa in ya faɗi.

Allah ya rufa asiri, ya sa wa dukiya albarka, ya haɗa kanku.

Hajiya Balki